Akwatinka, Ejan: Aikin Matashi a Zaɓe Daga Unguwa Zuwa Wajen Tattara Sakamako

Ranar gangami kowa ma'aikaci ne. Mai babur, mai lasifika, mai riƙe fosta, mai ɗaukar hoto da waya, duk za su ce maka su ne suka riƙe ɗan takara. Amma ƙuri'a ba a filin gangami ake ƙirga ta ba. A zaɓen 2023 rumfunan zaɓe 176,846 ne a Najeriya, a cikin mazaɓu 8,809, a ƙananan hukumomi 774. Kowace kujera, daga ta ɗan majalisar jiha har ta shugaban ƙasa, a waɗannan rumfuna ake cin ta ko a rasa ta, takarda ɗaya bayan ɗaya. Idan ka shigo aikin kamfe, ƙanena, kuma kana so a ce kana da amfani bayan an kwashe kujerun taro, to ka nemi akwati ɗaya ka ce naka ne, ka san shi ciki da bai.

Ka dubi Kano a 2019. Bayan an ce zaɓen gwamna bai kammalu ba, abin da mutane suka riƙa kira inkonkulusib, aka sake zaɓe a wasu rumfuna ranar 23 ga Maris, ciki har da na mazaɓar Gama da ta yi suna. Da aka haɗa lissafi, tazarar da ke tsakanin Abdullahi Umar Ganduje da Abba Kabir Yusuf ba ta kai ƙuri'a dubu tara ba. A lokacin rumfunan jihar dubu takwas ne da 'yan kai. Wato kusan ƙuri'a ɗaya a kowace rumfa. Tsohuwa ɗaya da ba a kai ta rumfa ba, ko takarda ɗaya da aka jefa cikin lalatattu ejan yana can yana sayen ruwan leda, ita ce kujerar gwamna.

Ƙa'idojin da zan kawo su ne waɗanda aka yi zaɓen 2023 da su, a ƙarƙashin Dokar Zaɓe ta 2022 da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Fabrairun shekarar. Majalisa ta saba taɓa dokar zaɓe, hukumar INEC kuma tana fitar da sabon kundin ƙa'idoji gabanin kowane babban zaɓe, don haka abu na farko da za ka nema a ofishin jam'iyya shi ne kundin da ke aiki a zaɓen da ke gabanka. Ka karanta shi da kanka. Kada ka dogara da abin da shugaban matasa ya ce an ce masa.

Kafin ka karɓi hula

Ka san wa kake yi wa aiki. Jam'iyya daban, kwamitin kamfen ɗan takara daban, kuma sau da yawa ba sa ga maciji da juna, musamman idan an fito daga zaɓen fidda gwani da rauni a zuciya. A mazaɓa akwai shugaban jam'iyya, da sakatare, da shugabar mata, da shugaban matasa. Ka je ka gaishe su ko da ba ta hannunsu ka shigo ba, domin jerin sunayen ejan-ejan ta teburinsu yake bi. Ka yanki katin jam'iyya. Sannan ka duba katin zaɓenka: a wace rumfa yake? Mafi kyau ka yi aiki a akwatin da kake jefa ƙuri'a, inda ka san fuskoki kuma aka san iyayenka. Idan rajistarka tana wani gari, ka mayar da ita gida lokacin da INEC ta buɗe rajista, domin ana rufe wannan ƙofa watanni kafin zaɓe.

Maganar kuɗi kuma ka yi ta tun da wuri, ba kunya a ciki. Nawa ne kuɗin mota, nawa ne na ejan, wa zai bayar, kuma yaushe. Kuɗin ejan yakan fito daga sama cikakke ya iso ƙasa ya rame, kowane hannu ya yage nasa. Wanda bai tambaya ba tun farko shi ne ke tsayawa a rumfa tun safe har dare da yunwa, kuma ejan mai yunwa shi abokan hamayya suke fara nema.

Rajistar masu zaɓe

Wannan ita ce jarinka. INEC tana bai wa jam'iyyu kwafin rajista kafin zaɓe, kowace rumfa da shafukanta, da suna da hoto. Ka matsa wa sakataren mazaɓa har ya ba ka na rumfarka, ka buga a takarda. Daga nan ka nemi dattijo ɗaya da dattijuwa ɗaya waɗanda suka san unguwar gida-gida, ku zauna ku bi sunayen. Wannan ya rasu. Wannan ta yi aure ta koma wani gari. Wannan yana Legas, sai da Sallah yake zuwa. Wannan namu ne ko ana ruwan wuta. Wannan nasu ne, kada ka ɓata takalminka. Wannan kuma bai san inda ya dosa ba, ko ya yi fushi da kowa ya ce ba zai fito ba. A kan waɗannan na ƙarshe aikinka yake.

A 2023 mutum miliyan 93 da ɗoriya ne suka yi rajista a ƙasar, amma ƙuri'un da aka kaɗa a zaɓen shugaban ƙasa ba su kai miliyan 25 ba. Ka ga ke nan babbar jam'iyya a Najeriya ita ce ta waɗanda suka zauna a gida. Ya fi sauƙi ka fito da mutum goma da ke son ɗan takararka amma suna ƙyuyar layi, da ka juyo da mutum ɗaya da ya sha alwashi a ɗaya ɓangaren. Matasa da yawa ba sa son jin wannan, domin musu ya fi daɗi.

Ka lura da abu biyu a rajistar. Na farko, wanda ya yi rajista amma bai karɓo katinsa ba. Ba kati, ba zaɓe, kuma karɓar kati sai mai shi da kansa. Ka gaya masa inda ake rabawa, idan hali ya yi ka haɗa musu mota. Kada ka taɓa tara katunan mutane a hannunka, ko ka rubuta lambobinsu da sunan za a ba su tallafi. Riƙe katin wani laifi ne a doka. Na biyu, a 2021 INEC ta ƙirƙiri sababbin rumfuna sama da dubu 56 don rage cunkoso, kuma an mayar da wasu masu zaɓe can. Mutum zai zo inda ya saba tun zamanin da, a ce masa babu sunansa, ya yi zuciya ya koma gida, alhali rumfarsa tana bayan makarantar. Duk wanda ka lissafa a naka, ka tabbata ya san ƙofar da zai nufa.

Shiga unguwa

Gida-gida yana da ladabinsa. Kai namiji ba za ka kutsa gidan da aka rubuta ba a shiga ba. A zaure za ka tsaya ka yi sallama da maigida. Ƙuri'ar mata kuwa, wadda ita ce ta fi fitowa da sassafe ta fi haƙurin layi, mata ne ke nemo ta. Idan ke ce ke karanta wannan, ƙanwata, ki sani aikinki ya fi na masu lasifika nauyi: gidan biki, gidan suna, wajen adashe, nan ake yanke shawarar da ba a ji a rediyo. Ki tafi da wata babba da ake ganin girmanta, ki gaida uwargida kafin amarya.

Majalisar dattawa bayan La'asar, teburin mai shayi da daddare, tashar 'yan adaidaita. Ka zauna, ka gaisa, ka fi saurare. Idan Baba ya ce an yi masa alkawarin kwalbati tun zaɓen da ya wuce ba a yi ba, kada ka yi masa sabon alkawari da bakinka. Ka ce, "Baba, gaskiyarku ne, zan kai maganar," kuma ka kai ta. Ɗan takara zai tafi Abuja ko gidan gwamnati, kai ne za ka ci gaba da bi ta ƙofar gidan nan kullum. Mai unguwa ka je ka kwashi gaisuwa, amma kada ka sa shi a tsaka mai wuya ka nemi ya fito fili. Masallaci da coci kuwa doka ta hana kamfe a cikinsu, haka ofisoshin gwamnati da na 'yan sanda. Ta kuma hana zagi da kalaman da za su tunzura ƙabila ko addini.

Abin da ya kamata ka fi ɓata lokaci a kansa shi ne koya wa mutane dangwale. Takardar ƙuri'a ba ta ɗauke da hoton ɗan takara, alamar jam'iyya ce da harufanta, kuma a 2023 jam'iyyu 18 ne a jere. Tsohon da ya san fuskar ɗan takararka a fosta zai shiga ya nemi fuskar ya rasa. Ka zana samfuri a kwali, ka nuna masa inda alamar take, sama ko tsakiya ko ƙasa, da abin da ke bisanta da abin da ke ƙarƙashinta. Yatsa ɗaya, gida ɗaya, kada tawada ta haura layi. Sannan a naɗe takardar a tsaye yadda jiƙaƙƙiyar tawada ba za ta shafi gidan wata jam'iyya ba. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 ƙuri'a fiye da dubu 900 aka ƙi karɓa saboda sun lalace. Masu su sun fito, sun sha rana, sun koma gida suna murna sun yi zaɓe. Kuma ka tuna ranar zaɓen tarayya takarda uku ake ba mutum: shugaban ƙasa, sanata, ɗan majalisar wakilai, kowace da akwatinta. Idan gidanku sak ake yi, wato jam'iyya ɗaya a duka ukun, ka faɗa. Idan wake da shinkafa ne, aikin koyarwarka ya ninku.

Gangami, fosta da waya

A nan ba sai na daɗe ba. Gangami yana da amfaninsa, yana ɗaga zuciyar magoya baya, yana tsorata abokan hamayya, amma kada ka ɗauki cikar fili a matsayin ƙuri'a. Fuskokin da ka gani yau za ka gan su jibi a taron wancan. Kada ka hau saman mota ko ka rataya a ƙofarta a ayarin ɗan takara. Kada ka yaga fostar wani. Duk inda ka ga an fara raba ƙwaya da makami ga 'yan jagaliya, ka ja jiki, domin idan aka yi kame ba ɗan mai gidan ake tararwa a bayan kanta ba. Tun zamanin NEPU da NPC ake amfani da ƙarfin matasa a siyasar Arewa, kuma da wuya ka ji sunan wanda ya riƙe gora a cikin waɗanda aka rantsar.

Facebook da TikTok da WhatsApp kuma, ka yi amfani da su wajen abin da zai kai mutum rumfa: ranar karɓar kati, hoton alamar jam'iyya, inda sabuwar rumfa take. Zagin dattijon wani ɓangare ka bar wa sojojin baka. 'Yan siyasa suna shiryawa a dare ɗaya, su sauya sheƙa su rungumi juna, rubutunka kuwa yana nan. Doka ta buɗe kamfe kwana 150 kafin zaɓe, ta rufe shi awa 24 kafin ranar. Daga nan lasifika ta yi shiru.

Sai jaka. Za a iya kiranka daren zaɓe a ce kai ne amintacce, ka riƙe abin da za a raba. A 2023, da aka yi ƙarancin takardun naira, abin ya koma taliya da atamfa da sabulu da tura kuɗi ta waya, amma sunansa bai canza ba. Mai bayarwa da mai karɓa duk doka ta hau kansu, tara ko ɗauri ko duka biyun, kuma jami'an EFCC sun zagaya rumfuna a zaɓen. Ra'ayina a nan a fili yake: ka ce kai ejan ne, idonka na kan akwati, a nemi wani. Ba wanda ya isa ya tsare ƙuri'a yana kuma tsare jaka.

Zama ejan

Ba wanda ke zama ejan da baki. Jam'iyya ce ke miƙa wa INEC sunanka da adireshi da hotuna da samfurin sa hannunka, aƙalla kwana 14 kafin zaɓe a dokar 2022, INEC kuma ta ba da katin wuya mai hotonka. Ka bi diddigin wannan da kanka, domin a nan ake cire sunan wanda ya yi wahala a sa na ɗan'uwan wani da bai san hanyar rumfar ba. Ba katin wuya, 'yan sanda za su iya korarka, kuma gaskiyarsu ne.

Daren zaɓe ka haɗa biro biyu, ƙaramin littafi, waya cike da caji da abin ƙara mata caji, kati da data, tocila, ledar da za ka sa takarda saboda ruwa ko gumi, ruwan sha da abin taɓawa. Ka rubuta lambar ejan ɗinku na mazaɓa da ta lauyan jam'iyya a littafin, ba a waya kaɗai ba. Ka sa kayan gida. Ba riga mai hoto, ba hular da kowa ya san ta wane gidan siyasa ce. A tazarar mita 300 daga rumfa doka ta hana neman ƙuri'a, da kirari, da nuna alamar jam'iyya, da motar da ke ɗauke da ita.

Magoya bayan Buhari sun daɗe da taken nan na a kasa, a tsare, a raka. Ko wace jam'iyya kake, aikin ejan ke nan a taƙaice, sai dai kowace kalma a ciki tana da lissafinta.

Ka isa rumfa kafin malaman zaɓe. Ana buɗe zaɓe ƙarfe 8:30 na safe, amma abin da ya fi muhimmanci yana faruwa kafin nan. Shugaban rumfa, wanda galibi ɗan bautar ƙasa ne, yana da mataimaka uku. Zai nuna kayan aiki a gaban kowa. Ka rubuta adadin takardun ƙuri'a da aka ba shi na kowane zaɓe, da lambar farko da ta ƙarshe. Ka ga takardar sakamako, EC8A, da idonka, ka tabbata babu rubutu a kanta kuma lambar rumfarku ce. Ka ga na'urar BVAS tana nuna sifili a adadin waɗanda aka tantance. Ka ga akwatunan babu komai kafin a rufe su. Ka rubuta lokacin da aka fara.

Ka girmama malaman nan. Yawancinsu sa'anninka ne, baƙi ne a garin, sun kwana a kan benci a makarantar da aka tara kayan zaɓe, wasu ba sa jin Hausa. Bayan zaɓen 2011 an kashe 'yan bautar ƙasa goma a jihar Bauchi, kuma kowane ɗan bautar ƙasa da aka turo Arewa ya ji labarin. Idan ka ga kuskure, ka matsa kusa ka faɗa a hankali, ka nuna masa shafin a kundi. Wanda ka yi wa ihu a gaban jama'a zai kafe ko ya san bai da gaskiya.

Tsarin layi shi ne: mai zaɓe ya nuna katinsa, BVAS ta tantance shi da yatsa ko da fuska, a duba sunansa a rajista a yi alama, a shafa masa tawada a farce, sannan shugaban rumfa ya buga hatimi a bayan takardar ƙuri'a, ya sa hannu da kwanan wata, ya miƙa masa. Wannan hatimi da sa hannu, kada idonka ya bar su. A Satumbar 2023 kotun sauraron ƙarar zaɓen gwamnan Kano ta zare ƙuri'a 165,663 daga na Abba Kabir Yusuf bisa hujjar cewa takardun ba su da hatimi ko sa hannu, ta ce Nasiru Yusuf Gawuna ne ya ci. Kotun ɗaukaka ƙara ma ba ta ba Abba gaskiya ba. Sai a ranar 12 ga Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta mayar masa da ƙuri'unsa da kujerarsa. Wata huɗu jiha guda tana zaman ɗar-ɗar a kan abin da ake yi da hannu cikin daƙiƙa biyar a kan tebur. Idan layi ya yi tsawo malami ya gaji ya fara miƙa takarda ba hatimi, kai ne za ka ce, "Malam, ba ka buga wannan ba."

Wanda BVAS ta kasa tantancewa ta yatsa da fuska ba zai yi zaɓe ba, ko kawunka ne. Idan na'urar ce ta lalace, a dakata a kira a kawo wata, ba a ci gaba da hannu. Ka rubuta lokacin da ta tsaya da lokacin da aka dawo, ka sanar da mazaɓa. Tsofaffi da masu juna biyu da masu goyo da naƙasassu ana ba su gaba. Makaho ko wanda ba zai iya dangwalawa da kansa ba, shi zai zaɓi mai taimaka masa, kuma ba kai ba. Ba a shiga wajen dangwale da waya. Ka lura da inda aka ajiye wajen: idan mutum a tsaye a bayan taga yana iya hango inda ake dangwalawa, ka nemi a juya shi, domin ta nan masu sayen ƙuri'a ke tabbatar da cinikinsu.

Ƙarfe 2:30 na rana ake rufe layi. Duk wanda ke kan layi a lokacin sai ya yi zaɓe, ko za a kai Isha'i. Ka san wanda ke ƙarshe. Sallah da cin abinci kuwa ka tsara su da wani naka da zai tsaya a cikin jama'a yana kallo, ka yi a kusa, ka dawo da sauri.

Ƙirga

Yanzu aka zo wajen. Za a soke takardun da ba a yi amfani da su ba, a ƙirga su. A juye akwati a gaban kowa, a ware kowace jam'iyya, a ware lalatattu. A kan lalatattun nan ake yin ƙaramin yaƙi. Duk takardar da aka ɗaga, ka dube ta da kyau. Idan tawadar ta ɗan zarce amma kowa ya ga inda mai ita ya nufa, ka yi magana. Idan shugaban rumfa ya dage, hukuncinsa ne ke tsayawa a nan, amma ka nemi a rubuta cewa ka ƙi amincewa. Sannan a ƙirga da ƙarfi, jama'a na amsawa. Kana da damar neman a sake ƙirgawa, sau ɗaya tak, don haka kada ka ɓarnatar da ita a kan wasa.

Kafin a cike EC8A ka yi naka lissafin a littafi. Ƙuri'un jam'iyyu duka, da waɗanda aka ƙi, da waɗanda suka ɓaci a hannu aka canza wa masu su, da waɗanda ba a taɓa ba, dole su haɗu su ba da adadin da ka rubuta da safe. Sannan ka nemi a nuna adadin da BVAS ta tantance. Idan ƙuri'un da ke cikin akwati sun fi wannan adadi, ko da ɗaya ne, an yi aringizo, kuma hukuncinsa soke rumfar baki ɗaya. Ka fahimci abin da wannan ke nufi. Wawan da ya cusa takardu don ya taimaki ɗan takararku ya ƙone muku akwati. Kuma mai wayo daga can ɓangaren zai iya yin haka da gangan a rumfar da ya san kun fi ƙarfi, ko ya tayar da rigima a fasa akwati. Idan yawan masu kati a rumfunan da aka soke ya fi tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu, ba a bayyana wanda ya ci, sai a sake zaɓe a wuraren, kuma a ranar duk ƙarfin jiha a kan 'yan rumfunan nan yake sauka. Saboda haka idan kuna kan gaba, kai ne ka fi kowa bukatar zaman lafiya. A zage ka, ka yi murmushi.

Shugaban rumfa zai rubuta sakamako da lamba da kuma kalmomi, ya sa hannu, ya buga hatimi, ejan-ejan su sa hannu. Kada ka taɓa sa hannu a takardar da ba a cike ba, ko an ce maka don a rage aiki ne dare na yi. Ka karanta kowane layi. Idan an yi kuskure an gyara, mai gyaran ya sa hannu a gefen gyaran. Wasu na ɗauka idan sun sha kaye suka ƙi sa hannu sun ɓata sakamakon. Bai ɓaci ba, sai dai ka tafi hannu rabbana. Idan ƙirgar gaskiya ce, ka sa hannu ko an kayar da ku, ka karɓi kwafinka, haƙƙinka ne. Ka duba kwafin ya fito ana iya karantawa. Ka ɗauki hotonsa da na asalin, ka ɗauki na takardar da ake mannawa a bango don jama'a, ka tura wa mazaɓa nan take.

Sannan ka tsaya sai malami ya ɗauki hoton EC8A da BVAS don turawa shafin IReV, inda kowa zai iya gani. Ka dage a kan wannan, amma kada ka jingina da shi. A zaɓen 25 ga Fabrairun 2023 sakamakon shugaban ƙasa ya ƙi hawa shafin a kan lokaci, kuma da magana ta je Kotun Ƙoli a Oktoba, ta ce shafin na kallo ne, ba da shi ake tattara sakamako ba. Takardar da ke cikin ledarka ita ce hujja.

Rakiya

Daga rumfa sakamako zai tafi cibiyar mazaɓa, a kwafe shi zuwa EC8B, daga nan ƙaramar hukuma, EC8C, sannan jiha. A rumfa akwai idon jama'a. A mazaɓa dare ya yi, mutane sun watse, wuta ta ɗauke, jami'i ɗaya ne da biro yana kwafe lambobin rumfuna da yawa. A nan 315 ke komawa 35, wani lokaci don gajiya, wani lokaci ba don gajiya ba. Ka bi malaman zaɓe har can, a babur ko a ƙafa, ba tare da ka taɓa kayansu ba. Ejan ɗin mazaɓa ne ke da izinin zama a teburin, don haka ka same shi, ka ba shi lambobinka, ka tsaya kusa har a kira rumfarka ka ji an faɗi abin da ke hannunka. Kada ka sanar da cewa kun ci a Facebook. Baturen zaɓe ne kaɗai ke da ikon bayyana wanda ya yi nasara.

Idan jam'iyya ta karɓi kwafinka, ka rubuta sunan wanda ya karɓa da lokaci, ka riƙe hoton da littafinka. Wanda bai yarda da sakamako ba yana da kwana 21 ya shigar da ƙara, kotun kuma tana da kwana 180 ta yanke hukunci. A cikin kwanakin farkon nan lauyoyi za su neme ka, don haka kada ka kashe waya ko ka canza layi. Kotuna sun sha faɗa cewa abin da ya faru a rumfa, wanda ya tsaya a rumfar ne zai ba da shaidarsa. Ejan ɗin jiha da ke zaune a ofis jita-jita kawai yake da ita. Kai ma a kan rumfarka kaɗai za a saurare ka. Za a rubuta bayaninka ka rantse a kai. Ka karanta shi kafin ka sa hannu, kada ka yarda da bayanin da aka buga iri ɗaya aka raba wa mutum hamsin, domin lauyan ɗaya ɓangaren da shi zai fara kama ka. Sa hannun ya zama irin wanda ke kan EC8A da wanda aka kai wa INEC. Idan kuma da Hausa za ka yi magana a gaban alƙalai, ka gaya wa lauya tun ranar farko, a rubuta bayanin da Hausa a haɗa shi da fassararsa a shigar da su tare.